Tambaya da Amsa: Katifar da ta Dace da Mai Ciwon Baya da ke Kwanciyar Gefe

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon yawancinsu daga masu kwanciyar gefe ne, kuma kukansu ɗaya: mutum ya kwanta lafiya lau, da asuba ya tashi baya a riƙe, sai ya dafa bango kafin ya kai ga buta. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, mun kuma rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 46, nauyina kilo 78, kuma tun tasowata a gefen dama nake kwanciya. Na daɗe ina fama da ciwon kwankwaso. Abokan aiki suka ce laushin katifa ne ya jawo, sai na tara kuɗi na sayi wadda ake kira otofedik, mai tauri kamar daɓe. Yanzu kwankwason bai daina ba, ga kafaɗa ta shiga ciwo, hannun dama kuma yana sagewa cikin dare. Jabu aka sayar mini ko kuwa?
*Wani mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Mai yiwuwa katifar taka ta gaske ce, sai dai ba don mai kwanciyar gefe aka yi ta ba.

Ka dubi jikin mutum idan ya kwanta a kan haƙarƙarinsa. Kafaɗa ta fito, kwiɓi ya shige ciki, kwatangwalo ya sake fitowa. Idan shimfiɗar ba ta lotsawa ko kaɗan, nauyin jiki duka sai ya taru a wuri biyu, kan kafaɗa da kan ƙashin kwatangwalo, kwiɓi kuwa ya tsaya a iska babu abin da ya tallafe shi. Da barci ya yi nisa tsokoki suka saki, sai ƙashin baya ya lanƙwaso ƙasa ta wajen kwiɓin. A kwana a haka awa shida ko bakwai, ba abin mamaki ba ne a tashi da ciwo. Sagewar hannun kuma daga kafaɗa take: ba ta sami wurin nutsewa ba, sai mai barci ya tura ta gaba ko ya danne damtsensa, jijiyoyin hannu su matsu.

Katifa mai laushi ƙwarai tana da nata laifin. Ƙugu da mazaunai su ne suka fi nauyi a jiki, saboda haka su ke fara nutsewa, su bar ƙirji da ƙafafu a sama, ƙashin baya ya sake karkacewa. Abokanka ba su yi ƙarya ba da suka zargi laushi, gyaran ne ya wuce gona da iri.

Aiki biyu ake nema daga katifa, kuma soso iri ɗaya bai cika yin su duka ba. Samanta, kamar inci biyu zuwa uku, ya kasance mai laushin da kafaɗa da kwatangwalo za su shige. Ƙasanta kuma ya kasance mai ƙarfin da zai tsayar da ƙugu kada ya zarce. Idan an dace, ƙashin baya tun daga wuya har ƙugu zai miƙe a layi ɗaya, daidai da shimfiɗar gado.

An gwada wannan batu. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso. Aka ba wasu katifa mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da sun san wacce aka ba su ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙin ciwo a kwance da kuma lokacin tashi. Binciken ya shafi masu ciwon baya gaba ɗaya ne, ba masu kwanciyar gefe kaɗai ba, amma mai kwanciyar gefe ya fi kowa buƙatar wannan sassaucin saboda kafaɗarsa.

Sunan otofedik kuwa sunan kasuwa ne, ba likita ne ya sa hannu a kai ba. Da yawa daga masu wannan suna a kasuwanninmu gutsattsarin soso ne aka niƙa, aka cuɗa da gam, aka matse da inji. Idan rigar katifar tana da zif ka buɗe, za ka ga ɗigo-ɗigo kala-kala, fari da shuɗi da ruwan hoda a cure wuri guda. Irin wannan soso yana da ƙarko sosai, kuma a matsayin gindin katifa ba shi da na biyu. Fuskar kwanciya ce ba ya iyawa.

Don haka kada ka sayar da ita da asara. Ka je wurin masu yanka soso su yanko maka falle ɗaya daidai tsawo da faɗin katifar, kaurinsa inci biyu zuwa uku, mai kyau ba mai araha ba (amsar tambaya ta uku ta yi bayanin yadda ake ganewa). Tunda sana'arka ce, ka ɗinka masa riga ta yadin auduga da roba a kusurwa huɗu don kada ya riƙa zamewa. Ka ba jikinka mako biyu zuwa huɗu kafin ka yanke hukunci. Kuma ka ci gaba da fara barci a gefen dama yadda sunna ta koyar. Juyin da mutum ke yi cikin dare ba laifi ba ne, jiki ne ke sauke nauyi daga gefe zuwa gefe.

Abu na ƙarshe, kada a ɗora wa katifa laifin keken ɗinki. Wanda ya wuni a sunkuye a kan benci mara majingina, duk katifar da ya kwana a kai zai ji a jikinsa. Ka riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa, ko da taku goma ne zuwa bakin shago.

Tambaya: A kanti katifu duk a tsaye suke jingine da bango, mai kanti sai ya ce in danna da hannu in ji. Ta yaya zan gane wadda ta dace da ni? Kuma ni mace ce, ba zan iya miƙewa a gaban jama'a ba.
*Wata malamar makaranta daga Kano*

Amsa: Malama, danna katifa da tafin hannu ba ya faɗa miki komai sai laushin rigarta. Hannu bai kai nauyin ƙugu ba, kuma katifar da ke tsaye ba ta da abin da ya tokare ta daga baya yadda gado zai yi.

Ki tafi da maigida ko 'yar'uwa, a lokacin da kantin ba cunkoso, ki nemi a kwantar da katifar a ƙasa daga ciki. Mai son ciniki ba zai ƙi ba. Ki tafi da irin matashin da kike kwana da shi. Ki kwanta a gefen da kika saba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ki yi minti goma zuwa sha biyar. Minti biyun farko kowace katifa daɗi gare ta. Sai an jima kafaɗa ke fara magana.

Wanda ya raka ki ya durƙusa ta bayanki, idonsa daidai da tsayin katifar, ya ɗauki hoto da waya. A hoton, a bi tsakiyar baya daga ƙashin nan da ya fito a gindin wuya zuwa ƙugu. Idan layin ya miƙe, an dace. Idan ƙugu ya yi ƙasa da kafaɗa, ta yi laushi. Idan kafaɗar sama ta tasar wa kunne, tsakiyar jiki kuma ya lotsa, ta yi tauri. Sannan a zura tafin hannu ƙarƙashin kwiɓinki. In ya wuce salin-alin, akwai gurbin da katifar ba ta cike ba. Abin da ake so shi ne hannun ya shiga da ƙyar.

Ki juya zuwa ɗaya gefen. Idan sai kin yunƙura kin dafa da gwiwar hannu kafin ki fita daga inda kika lotsa, wannan yunƙurin za ki riƙa yi cikin dare, kuma shi ke tashin mai ciwon baya daga barci. Daga nan ki zauna a tsakiyarta: in kika ji taurin ƙasa a mazaunanki, sosonta ba shi da ƙarfi ko kaurinta bai isa ba.

In duk wannan bai yiwu ba, ki nemi wata a dangi ko maƙwabta mai irin katifar da kike so, ki yi barcin rana a kai. Kafin ki biya kuma, ki tambayi ko ana canjawa idan ba ta karɓe ki ba, a rubuta sharaɗin a bayan rasit.

Tambaya: Na sayi sabuwar katifa, wata takwas kacal ta yi rami a inda nake kwanciya. Mai kanti ya ce wai nauyina ne. Mene ne wannan dansiti da suke ta faɗa, kuma yaya zan kauce wa irin wannan nan gaba?
*Wani direba daga Gusau*

Amsa: Malam, dansiti shi ne nauyin soso idan aka yanko curi mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, tsayi mita ɗaya. Soso mai dansiti 30 yana nufin wannan curin ya kai kilo 30. Gwargwadon yawan lambar, gwargwadon kayan da aka zuba a ciki da ƙarancin iska, kuma gwargwadon daɗewar da zai yi bai mutu ba. Mutane na haɗa shi da tauri, alhali abu biyu ne daban. Ana samun soso mai dansiti 18 da ke da tauri ƙyam a kanti, wata shida ya zube. Ana samun mai 35 mai laushi, ya shekara takwas yana dawowa daidai. Mai kwanciyar gefe shi ya fi saurin kashe soso mara kyau, domin nauyinsa a ɗan ƙaramin wuri yake taruwa.

Ga babban mutum da zai kwana a kai kullum, muna ganin kada a sauka ƙasa da 28 zuwa 30. Wanda ya haura kilo 100 ya nemi 35 ko sama. Mai ƙasa da 20 ya fi dacewa da ɗakin baƙi.

Ba sai ka dogara da bakin mai kanti ba, sikeli zai faɗa maka. Katifar da ake kira shida-da-shida mai kaurin inci takwas, tsawonta kusan mita 1.9 ne, faɗi 1.8, kauri 0.2. Idan ka ninka ukun za ka sami 0.68. In sosonta 30 ne, nauyinta zai kai kilo 20 da ɗoriya. In 20 ne, kusan kilo 14. In 15 ne, kilo 10. Ka ɗaure ta da igiya ka rataya a sikelin masu hatsi, ka cire kilo ɗaya ko biyu na riga, ka raba abin da ya rage da 0.68, abin da ya fito shi ne dansitin. Wannan lissafi na katifar soso zalla ne. Ba ya aiki a kan mai sifirin ko mai gutsattsarin soso a ciki.

Akwai wata dabara da ya kamata ka sani. Wasu masu haɗa soso suna zuba garin alli a cikin haɗin don ya yi nauyi. Irin wannan idan ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji gari-gari, yana yagewa da sauƙi, kuma idan ka matse ka saki ba ya dawowa da kuzari. Don haka nauyi shi kaɗai bai wadatar ba. Ka duba lakabin kamfani da aka ɗinke a jikin rigar, ba wanda aka liƙa a leda ba. A Najeriya ka nemi tambarin MANCAP na hukumar SON, wadda ke kula da ingancin kayan da aka ƙera a cikin gida. Ka saya a wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, ka karɓi katin garanti, ka karanta zurfin ramin da suka yarda su canja katifa a kansa.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 63. Wata uku ke nan bayansa na ciwo, ciwon har tashinsa yake daga barci ko ta wane gefe ya kwanta. Ya rame, yana zazzaɓi da yamma da gumin dare. Wace katifa zan saya masa?
*Wani ɗa daga Azare*

Amsa: Allah ya saka da alheri da kula da mahaifi, amma ka ajiye kuɗin katifar, ka kai Baba asibiti cikin makon nan. Ciwon da shimfiɗa ke jawowa yana da alama: ya fi tsanani da an tashi, ya lafa cikin rabin awa da fara zirga-zirga, kuma yakan ragu idan mutum ya kwana a wani gadon. Ciwon da ba ya jin canjin kwanciya, ga rama, ga zazzaɓi, ga gumin dare, dole likita ya bincika, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya ko da mutum ba ya tari, kuma akwai wasu cututtukan masu irin wannan alama. Idan tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, kuma gano shi da wuri shi ke hana ƙashin rushewa. Babban asibiti mafi kusa da ku zai fara gwaji da hoton baya, in ta kama su tura ku asibitin ƙashi irin na Dala a Kano.

Sauran masu karatu su ma su riƙe waɗannan. Wanda ƙafarsa ta fara rauni ko yake jan ta, wanda ya daina jin taɓi a matsematsi da kewayen dubura, wanda fitsari ya ƙi fita ko yake zubowa ba da saninsa ba, wannan a ranar za a kai shi asibiti, ba a jira gobe. Haka wanda ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, da mai sikila da ciwon ya zo masa ba irin wanda ya saba ba, da wanda ciwon ke gefe ɗaya tare da zazzaɓi da zafin fitsari. Saurayin da bayansa ke sandarewa fiye da rabin awa kowace safiya, motsi ya sassauta masa hutu kuma ya tsananta, shi ma likita ya kamata ya gani.

Tambaya: Maigidana kilo 105 ne, ni 58. Shi katifar ta yi masa daidai, ni kuwa gangarowa nake wajensa, in tashi da ciwon kafaɗa da baya.
*Wata uwargida daga Kaduna*

Amsa: Hajiya, tauri ba abu ne tsayayye ba, da nauyin mai kwanciya ake auna shi. Katifar da mai kilo 105 ya ji matsakaiciya, ke a wurinki mai tauri ce, don nauyinki bai isa ya lotsa ta ba. Mara nauyi laushi yake buƙata fiye da mai jiki.

Hanya mafi inganci ita ce katifa biyu 'yan shida-da-uku masu kauri ɗaya, kowa da irin tasa, a jera su cikin gado shida-da-shida, a rufe da zanin gado ɗaya mai roba. Faɗinsu a haɗe daidai yake da na babbar. Idan tsagin tsakiya ya dame ku, falle mai inci ɗaya a kan duka biyun zai ɓatar da shi. Hanya mai sauƙin kuɗi kuma, ki sa falle mai laushi na inci biyu a ɓangarenki kaɗai. In sabuwa za ku saya mai sifirin, ku nemi wadda kowane sifirin ke cikin 'yar jakarsa ta yadi, domin kowanne shi kaɗai yake lotsawa. Wadda aka sarƙe sifirin ɗinta da waya, in gefe ɗaya ya nutse sai ya ja ɗayan, gangarowar da kike yi ke nan.

Ki kuma sa a ɗaga katifar a duba ƙasan gadon. Gado mai faɗin ƙafa shida yana buƙatar katako mai ƙarfi a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarsa da ta taɓa ƙasa. Kafintoci da yawa ba sa sa shi sai an ce musu.

Tambaya: Ana tallar wata katifa da ake cewa memori, mai ɗaukar siffar jiki. Ta dace da garinmu? Kakata kuma cewa take babu kamar katifar rimi.
*Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi*

Amsa: Alhaji, wannan soso an fara haɗa shi ne a Amurka a 1966, a wani aiki na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA don kujerun jirgin sama. Ɗumin jiki ke sa shi laushi, sai ya bi kafaɗa da kwatangwalo ya raba nauyi. Ta fuskar sauke matsi daga kafaɗa yana da kyau ƙwarai. Amma abin da ya sa ya yi kyau shi ne matsalarsa a ƙasar zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Sakkwato da Maiduguri, yana yin laushi fiye da yadda ka gwada shi, jiki ya nutse a ciki, iska ba ta ratsawa, gumi ya taru. Da hunturu kuma ya ƙanƙame sai ya ɗumama. In ɗakinka na da na'urar sanyaya ɗaki da tsayayyiyar wuta, bismilla, amma kada kaurinsa ya wuce inci biyu a kan gindi mai ƙarfi. In fanka ce, ita ma sai an kawo wuta, ba mu ba ka shawara ba.

Abin da ya fi dacewa da zafi shi ne mai sifirin a jaka da siririn soso mai kyau a sama, don cikinta iska ce, ko kuma katifar latas, wadda ake yi da ruwan itacen roba. Ita latas za ka gan ta da ƙananan huji a jere, tana lotsawa ta dawo nan take, juyi a kanta ba wuya, kuma tana daɗewa. Aibinta tsada da nauyi, sannan wanda safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi ya nisance ta.

Kaka tana da gaskiya a kan sanyi, audugar rimi ba ta riƙe zafi. Sai dai tana curewa: inda ƙugu ke kwanciya ya dankare ya yi tauri, audugar ta gudu gefe. Mai ciwon baya da ya zaɓe ta sai ya yarda da hidimar shanyawa da bugawa a kai a kai, da kwancewa a ƙara auduga idan ta kwanta.

Tambaya: Gaskiya ne barin ledar katifa yana sa ta daɗe?
*Wata amarya daga Katsina*

Amsa: A'a, amarya, ki cire. Ledar ta ɗauko kaya ce daga kamfani zuwa gida. Tana ƙara zafi, tana hana soso bin jiki yadda ya kamata, kuma damshin da ya shiga ta inda ta yage ba ya fita, da damina sai fumfuna. In fitsarin yara ake gudu, akwai shimfiɗar kariya mai yadi a sama da roba a ƙasa, wadda ake cirewa a wanke.

Tambaya: Na canja katifa, ciwon baya ya yi sauƙi, amma wuya da saman kafaɗa sun ƙi. Ina kuma da juna biyu wata shida.
*Wata mai karatu daga Jos*

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Matashi ne ya rage. Aikinsa ga mai kwanciyar gefe shi ne cike gurbin da ke tsakanin kunne da katifa, yadda hanci zai yi daidai da tsakiyar ƙirji, kai bai rataya ba bai kuma tashi sama ba. Ga yawancin manya wannan santimita 10 zuwa 15 ne bayan kai ya danne shi. Da kika koma katifar da kafaɗa ke nutsewa, gurbin ya ragu, don haka tsohon matashin mai yiwuwa ya yi miki tsayi. Ki gwada da tawul: ki ninka, ki riƙa ƙara ko rage ninki har wuyan ya daidaita, ki auna, sannan ki nemi matashi mai wannan tsayin. Kafaɗa a kan katifa take zama, kada ta hau matashi.

Na biyu shi ne matashi tsakanin ƙafafu, daga gwiwa har idon sawu. In babu shi, ƙafar sama tana zamowa gaba ta murɗa ƙugu, murɗawar ta hau kwankwaso. Ke kuma ki ƙara ƙarami ƙarƙashin cikin. Daga mako na 28 likitoci na ba da shawarar mai ciki ta riƙa fara barci a gefe, ba rigingine ba. In kin farka kin ga kin juya, ki koma gefe kawai. Wajen tashi kuma, ki matso bakin gado a gefenki, ki sauke ƙafafu, ki tura jiki sama da hannu, kada ki yunƙuro da ciki.

Tambaya: Katifata ta shekara tara, ba ni da kuɗin sabuwa yanzu. An ce in sa filanki a ƙasanta. Ko in sayi ta gwanjo?
*Wani magidanci daga Birnin Kebbi*

Amsa: Malam, fara da gano inda matsalar take. Ka cire zanin gado, ka ja zare daga gefe zuwa gefe ta kan inda ƙugunka ke kwanciya, ka auna daga zaren zuwa fuskar katifa. Sannan ka sauke ta ƙasa ka sake aunawa. In ramin ya ɓace a ƙasa, gadon ne: katakon ƙasa ya karye, ya lanƙwashe, ko tazararsu ta yi yawa. Kafinta ya ƙara katako yadda tsakanin ɗaya da ɗaya ba zai wuce inci uku ba. In filanki za ka shimfiɗa, a huda shi a wurare don iska. Amma in ramin yana nan a ƙasa kuma ya kai inci ɗaya da rabi, soson ya mutu, filanki ba zai tashe shi ba, falle mai laushi kuma bin ramin zai yi.

Kafin kuɗi su samu, ka juya kai ya koma ƙafa, in mai fuska biyu ce ka kifa ta, ka cike ramin daga ƙasa da bargo a ninke. Wannan juyin da ma kowane wata uku zuwa shida ya kamata a riƙa yinsa tun tana sabuwa. Kada ka bar tsiraicin soso a rana, hasken rana na sa shi ya yi ja ya riƙa marmashewa. A sha iska a inuwa ya fi.

Gwanjo kuwa ba mu goyi baya ba. Katifar kirki shekara bakwai zuwa goma take yi, ta gwanjo ta riga ta ci rabonta a jikin wani, wasu ma tsohon soso ne aka yi wa sabuwar riga. Ga kuɗin cizo da ke ɓuya a bakin ɗinki. Sabuwa 'yar shida-da-uku mai soso na gari ta fi tsohuwa shida-da-shida.

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, tana da ciwon baya tun tana makaranta. 'Yan'uwa sun ce sai mai inci 20 don kada dangin miji su raina. Kauri yana ƙara lafiya?
*Wata uwa daga Zinder*

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Inci takwas zuwa goma ya ishi yawancin mutane, goma zuwa sha biyu ga mai jiki sosai. Abin da ya haura haka ado ne, kuma idan kuɗi ɗaya ne, mai inci 20 da soso mai araha aka cika ta, don ba yadda za a yi ninki biyu na soso mai kyau ya zo a farashi ɗaya. Ranar jere za ta cika ido, bayan shekara ta yi kwari a tsakiya.

Akwai kuma batun hawa da sauka. Tsayin gado da katifa a haɗe ya kamata ya yi daidai da gwiwar mai shi, wajen santimita 45 zuwa 55, yadda in ta zauna a baki tafin ƙafarta zai taka ƙasa sosai. In ana son gadon ya yi kwarjini, kafinta ya ƙawata allon kai da gefuna. Ki tafi da ita kanti ta gwada da kanta yadda muka bayyana wa malamar Kano, ki kuma auna cikin gadon da tef kafin a sayo, domin shida-da-shida na kafinta ba kullum yake daidai da na kamfanin katifa ba.